Hannun Iya Bai Kumbura Ba

Ku yaran da ake turowa koyon aiki daga makarantu kuna ba ni dariya. Kwananku uku a ɗakin gwaji, sai na ji ɗayanku yana cewa ai aikin nan ba wani abu ba ne, a ɗebi jini, a ɗiga, a jira, takarda ta fito. To madalla. Ni shekara talatin da 'yan kai na yi ina wannan "ba wani abu ba" a nan Wudil, kuma har na yi ritaya ban yarda da kwalba ba sai na san bakin da ya tofa a cikinta. Maiɗakina takan ce ko gishiri aka miƙo mini sai na lasa kafin in yarda ba sukari ba ne. Na san malamai sun ce zato zunubi, amma ni sana'a ce ta mayar da ni haka. Tunda yau babu layi a waje, ku ja benci ku zauna.

Wajen Malam Garba na koyi aiki, tun zamanin soja. Dogon mutum ne marar fara'a, ko gaisuwa ba ya amsawa sai ya gama wanke hannu. Kayan aikinmu ba su cika tebur ɗaya ba. Akwai madubin da muke leƙa ƙwayar cuta da shi, irin mai ɗan faifai a ƙasa wanda ake juyawa ya kamo hasken rana, shi ya sa teburin yake jikin taga, kuma ranar da hadari ya haɗu sai aiki ya tsaya. Akwai 'yan siraran gilasan da ake shafa kaki a kai, da kwalabe uku: jan rini, ruwan asid, da shuɗin rini. Sai fitilar sifirit da tsinke. Wata shida na fara yi ban taɓa madubin ba, aikina wankin gilashi kawai. In ya ɗaga ɗaya a haske ya ga ƙarzuwa, sai ya jefa shi a bokiti. Daga baya na gane dalili. Jan rini yana maƙalewa a cikin ƙarzuwa ya yi kama da ƙwayar tarin fuka, sai ka ɗora wa mai lafiya ciwon da ba nasa ba.

Gilashin farko da ya bari na yi da kaina na wani masunci ne daga bakin kogi. Na sa tsinke na ɗebi wurin da ya fi kauri a kakin, na shafa shi siriri, yadda in ka ɗora a kan jarida za ka iya karanta rubutu ta cikinsa. Na bari ya bushe, na gifta shi ta kan wuta sau uku, na zuba ja, na ɗumama har tururi ya tashi amma bai tafasa ba. Na wanke da asid, na zuba shuɗi. Ƙwayar tarin fuka taurin kai gare ta, asid yana wanke ja daga jikin komai amma ban da ita. Saboda haka in ka leƙa, komai shuɗi ne, ita kaɗai za ka gani ja, 'yar siririya mai ɗan lanƙwasa. Ƙa'ida ita ce sai ka duba fili ɗari, wato ka matsar da gilashin ka leƙa wuri ɗari, kafin ka ce babu. Na duba kamar talatin, idona ya fara ruwa, na ce, "Malam, babu komai."

Ya zauna, ya juya, ya juya, can ya ce in zo in leƙa. Guda uku ne, kwance a gefe ɗaya. Ya ce, "Sani, mutumin nan 'ya'yansa bakwai, kuma ɗaki ɗaya suke kwana. Kai kuma ka gaji a fili na talatin." Daga ranar yakan cusa gilashin da ya san akwai ƙwaya cikin nawa ba tare da ya faɗa mini ba, don ya ga ko zan kama.

Mutanenmu kuwa, Allah Ya shirye mu baki ɗaya, su suka ƙarasa koya mini zargi. Ka ba mutum kwalba ka ce ya kawo kaki daga can ƙasan ƙirji, na sassafe kafin ya ci komai, sai ya kawo maka yawu fari tas da kumfa. Wani ya kawo da goro a ciki, ja wur tun kafin ka zuba rini. Wani dattijo daga Darki ya taɓa kawo mini kwalba uku, na duba na ga ba su yi kama da na mutum ɗaya ba. Da na matsa masa sai ya ce ai ran nan tarin ne bai zo masa ba, shi ne maƙwabcinsa ya taimaka masa. Da zuciya ɗaya ya faɗa, kamar wanda ya ari gatari.

Akwai kuma gwajin fata, wanda har yanzu na ga kuna yi wa kallon alƙali. Ɗan ruwa ne ake sakawa da siririyar allura a cikin fatar hannu, tsakanin gwiwa da wuyan hannu, har wurin ya taso kamar cizon sauro. Bayan kwana biyu ko uku sai mutum ya dawo a duba. A fatarmu ja ba ya nunawa, kuma dama ba ja ake aunawa ba, tauri ake nema. Da yatsa ake lalubawa, a sa biro a yi alama inda taurin ya fara da inda ya ƙare, a auna da rula. Malam Garba yakan yi gwajin ne yana tsaki. Ya ce mini, "Fata ba ta gaya maka mutum yana ciwo. Abin da take faɗa shi ne jikinsa ya taɓa gamuwa da ƙwayar. Kamar ka tambayi mai gadi ko ya san ɓarawo ne, ya ce ya san shi. Ba ka tambaye shi ko yana cikin gidan yanzu ba." Wanda aka yi wa rigakafi yana jariri, mai tabo a damtse, hannunsa yana iya kumbura. Wanda ya zauna da mai tari ya shaƙi ƙwayar, jikinsa ya danne ta, shi ma haka, alhali lafiyarsa ƙalau. Wanda kuma ciwon ya cinye, ko tsufa ko yunwa ta rage masa ƙarfi, jikinsa ba shi da sauran kuzarin kumbura, sai hannun ya kwanta lafiya lau. Ga ruwan allurar kansa ba ya son zafi, mu kuwa firjinmu na kananzir ne, yau ya kama gobe ya mutu.

Sannan ga matsalar da babu ita a littafinku. Mutumin ƙauye ranar kasuwa yake shigowa Wudil, kasuwarmu kuwa Juma'a take ci. Ka yi masa allura ranar Juma'a ka ce ya dawo Litinin, zai ce maka in sha Allahu har sau uku, sai ka gan shi wata Juma'ar. Ba taurin kai ba ne, ranar ce ake samun mota, ranar ce kuma yake da abin da zai sayar. Amma hannun da aka duba bayan kwana bakwai aka ga bai kumbura ba, bai gaya maka komai ba.

Lokacin da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, Malam Garba ya riga ya yi ritaya, ni ke riƙe da teburin a ƙaramin asibitin nan. Gari ya cika da fasta da alkawari, kowa yana cewa kakarmu ta yanke saƙa. A wajenmu kuwa shekarar da ta biyo baya ita ce mafi muni da na gani. Waɗanda suke aiko mana da kaya aka canza su, sababbin ba su san mu ba, jan rini ya ƙare. Na tsarma na ƙarshe da ruwa har ya koma kamar zoɓon da aka yi wa algus, sannan na haƙura na rufe madubin da ƙyalle. Wata huɗu ban duba kaki ko ɗaya ba.

A daidai lokacin ne shagunan gwaji suka fara tsirowa a bakin titi. Wani da na sani yana sayar da kayan babur ya wayi gari da farar riga da allo a ƙofa. Suka zo da wani ɗan farin abu kamar tsinken awon ciki, a ɗiga masa jini, in layi biyu ya fito wai akwai tarin fuka, in ɗaya ne babu. Minti goma an gama, ba kaki, ba ƙazanta, ba dawowa gobe. Ga takarda an buga da inji, ga hatimi. Na sa an sayo mini guda biyar na gwada. Na ɗiga jinina, layi biyu ya fito, ni da ko mura ba na yi. Na ɗiga na wani da na taɓa ganin ƙwayar da idona a kakinsa, yana kan shan magani, ya ba ni layi ɗaya. Na gaya wa duk wanda zai saurara, amma wa zai bar takarda mai hatimi ya kama maganar mutumin da madubinsa ke lulluɓe da ƙyalle?

Wata Juma'a a cikin watannin nan Malam Habu ya shigo. Dillalin shanu ne a kara, mutumin wani ƙauye a yankin Indabo, mai ladabi da doguwar gaisuwa. Ya kawo matarsa Rabi da goyo a bayanta, ɗa namiji da bai daɗe da fara tafiya ba. Mako uku tana tari, kuma ta rame. Tare da su akwai mahaifiyarsa, wadda kowa ke ce wa Iya, ta zo rakiya. Jami'in da ke duba marasa lafiya ya rubuta a yi wa Rabi gwajin fata, tunda ya san ba ni da rini.

Ina cikin yi mata allurar, Iya ta yi tari sau ɗaya a cikin mayafinta. Wanda ya daɗe a aikin nan kunnensa yana rarrabewa. Tarin Rabi a maƙogwaro yake, na Iya kuwa daga ƙasa ya taso, jiƙaƙƙe, mai nauyi.

Na ce, "Iya, tarin nan ya daɗe?"

Ta ce, "Wane tari, ɗan nan? Hayaƙin murhu ne da tsufa. Ni rakiya na zo."

Na ce, "To miƙo hannun, ai ɗan rakiya ma ana ba shi tukuici."

Ta yi dariya ta miƙo. Hannun kamar kara, fatar da kyar ta riƙe ruwan. Na dubi ɗanta na ce, "Malam Habu, Litinin za ku dawo. Ba Talata ba, ba Juma'a ba."

Ya ce, "In sha Allahu, likita. Litinin da sassafe."

Juma'a suka dawo. Kafin su iso wurina ma sun biya ta shagon bakin titi, don wani abokinsa dillali ya ce masa a can ake gwajin zamani. Ya ajiye mini takardu biyu a tebur yana tafe da su kamar takardun gona. Ta Rabi ta ce akwai, ta Iya ta ce babu. Na kama hannun Rabi, ga tauri nan har lokacin bai sauka ba, ya wuce faɗin ƙwandala. Na ga tabon rigakafi a damtsenta, na gani sarai. Na kama na Iya na laluba, sumul, ko alamar allura babu.

Abin da ya kamata in rubuta a takardar Iya na san shi kamar sunana: an makara, a sake, kuma a duba kaki. Amma ruwan allurar ya ƙare a makon, layi ya kai bakin ƙofa, ana ta kiran sallah, ga kuma gwaji biyu sun faɗi magana ɗaya. Ni da na ɗiga jinina na ga ƙaryar tsinken nan da idona, sai na ji daɗi wai ya goyi bayan fata. Ban tsaya na tuna cewa masu shaidar zur ma sukan haɗa baki ba. Na rubuta wa Rabi akwai, na rubuta wa Iya babu, na sa hannu.

Malam Habu ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Likita, to yaron fa? Tana ba shi nono."

Ina wanke sirinji, ko juyowa ban yi ba, na ce, "A dai ɗan nisanta shi da ita, kada ta riƙa yi masa tari a fuska."

Ba aikina ba ne in ba da wannan amsar, kuma ba ita ce amsar ba. Jami'i ya ɗora Rabi a kan magani, suka tafi.

Bayan wata biyu da 'yan kwanaki rini ya iso. Na cire ƙyalle na goge madubi, na fara kiran duk waɗanda ke shan magani su kawo kaki. Rabi ta zo da mijinta, ta yi ƙiba, fuskarta ta cika. Na ba ta kwalba, ta je bayan ɗaki ta daɗe, ta dawo da yawu. Na ce ta sake. Malam Habu ya ce, "Wallahi likita babu abin da za ta kawo. Tun makon farko tarin ya tafi. Maganin nan naku akwai kyau."

Tarin fuka ba ya sallama cikin mako ɗaya, mura ce ke yin haka. Na dubi bayanta, ba goyo. Na ce, "Ina yaron?"

Rabi ta sunkuyar da kai. Ɗan fari ne, ita kuwa irin matan nan ne da ba sa kama sunan ɗan fari, ba sa kuma nuna sun damu da shi a gaban mutane. Mijin ne ya amsa. Ya ce, "Ai tun ranar da ka ce a nisanta shi muka yaye shi. Yana wajen Iya, can yake kwana. An ware wa ita wannan kwanonta da kofinta. Sai dai yaron yana ɗan zazzaɓi da yamma, ya rame, amma Iya ta ce ƙuncin yaye ne."

Kun ji inda maganata ta sauka. Ni a bakina nisantawa taku biyu ce. A gidansu kuwa, kamar kowane gida a ƙasar nan, in aka cire yaro daga nono ɗakin kakarsa ake kai shi. Ban yi tunanin wannan ba, alhali ni ma a ɗakin kakata aka yaye ni.

Na ba shi kwalba na ce, "Kakin Iya nake so, na asuba. Kuma ka kawo mini yaron jami'i ya gan shi. Gobe."

Juma'a ya zo, shi kaɗai, da kwalbar a aljihu. Na ɗaga ta a haske. Yawu ne, har da ɗan jan goro, Iya kuwa na lura ba ta da haƙoran cin goro. Na ce, "Malam Habu, tsakaninka da Allah, na wane ne?"

Ya cire hula ya mayar. Ya ce, "Likita, ta yaya zan miƙa wa mahaifiyata kwalba in ce ta yi kaki a ciki? Da wane bakin? Za ta ce na mayar da ita abar ƙyama. Kuma ai takardu biyu sun wanke ta, ɗaya ma da hannunka ka rubuta."

Na yi masa faɗa dai, na ba shi wata kwalbar, ya yi alkawari. A ranar ya kamata in hau babur in bi shi. Na ce bari in ba shi mako ɗaya.

Juma'ar da ta zagayo bai zo ba, ya bi motar shanu zuwa Kudu. Rabi ce ta zo karɓar magani tare da wata maƙwabciyarta. Ta jira har layi ya ƙare, ta shigo ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi aiki, ta tambayi iyali. Sannan ta zaro wani abu daga cikin mayafi, gwangwanin tumatir ne an ɗaure bakinsa da leda, ta ajiye a ƙasa kusa da ƙafar tebur.

Ta ce, "Na wata ne."

Na ce, "Wace ce?"

Ta ce, "Wadda nake share wa ɗaki."

Ashe an raba ta da kwano, an raba ta da ɗa, amma ba a raba ta da tsintsiya ba. Kullum da safe ita take fitar da kaskon yashin da Iya ke tofawa a ciki. Wata biyu tana ganin abin da ke cikin kaskon nan, wani lokaci har da jini, tana ganin ɗanta kwance a gadon, kuma babu bakin da za ta buɗe ta ce surukarta ce mai ciwon. Da ta miƙe za ta fita sai ta tsaya, ba ta dube ni ba, ta ce, "Likita, ɗan Iya ya daina cin abinci. Jiya ya ƙi juya wuyansa." Ɗanta take nufi.

Na tsince yashin da tsinke, na shafa, na rina. Ban buƙaci fili ɗari ba. Filin farko da na leƙa ja ne ko'ina, kamar an shanya barkono a tabarma.

Na nuna wa jami'i gilashin, na rufe ɗakin gwaji, na hau babur. Ɗakin Iya ƙarami ne, tagarsa ɗaya, ita ma an toshe ta da tsumma don kada iska ta kama yaro. Yana kwance a gadonta, idonsa a buɗe amma ba ya kallon kowa. Tana zaune a gefensa tana yi masa fifita. Na gaishe ta, ta amsa da fara'a, ta ce, "Ka zo duba maigidan nawa? Ka ga yadda yake mini yanga. Ko tuwo sai na tauna na ba shi a baki, yanzu shi ma ya ƙi."

Na ce, "Iya, Kano za a kai shi, yanzu. Ke kuma gobe ina son ganinki a asibiti. Tarin nan naki ba hayaƙi ba ne."

Ta dube ni, ta dubi yaron, mafifici ya tsaya a hannunta. Ba ta yi musu ba. Wan Malam Habu ya nemo mota, aka ce Rabi ta ɗauki ɗanta, karo na farko cikin wata biyu da rabi. A Kano suka ce ƙwayar ta riga ta hau masa kai. Kwana tara ya yi a can, Allah Ya karɓi abinSa.

Daga baya, shekaru da yawa bayan nan, manyan likitoci suka ce a daina amfani da irin tsinken jinin nan, ba shi da tabbas. Gwajin jinin da kuke yi yanzu ya fi shi nesa ba kusa ba, ban musa ba, amma shi ma amsar mai gadi yake bayarwa, ya san ƙwayar, bai san ko tana cin mutum yau ba. Injin da kuke taƙama da shi kuwa, wanda ake zuba kaki a danna, yana da ido fiye da nawa, sai dai abin da aka zuba masa shi zai duba. Bai san wanda ya tofa ba, bai san wanda ya zo rakiya yana tari a mayafi ba, ba zai tambaye ku inda yaro yake kwana ba. Wannan ku ne za ku yi, kuma in kun gaji ba wanda zai yi muku.

Iya ta sha magani wata takwas ba ta tsallake kwana ɗaya ba. Na duba kakinta a wata na biyu, na biyar, da na ƙarshe, kowanne sai da na cika fili ɗari har na ƙara. Ta warke sarai. Ranar da na ba ta takardar sallama ta zo da ƙwan zabi a ƙwarya, ta ajiye a kan tebur, ta ce wa ɗanta ya jira ta a waje. Ta zauna a bencin nan da kuke kai.

Ta ce, "Ɗan nan, tambayarka zan yi, kuma kada ka yi mini ta asibiti. Ni na kashe shi?"

Na ce, "Iya, kwana ne ya ƙare. Babu mai wuce ranarsa."

Ta ce, "Na san wannan tun ba a haifi uwarka ba. Ba shi na tambaye ka ba."

Na rasa inda zan sa idona. Ina iya cewa tsinken bakin titi ne, ina iya cewa ɗanta ne ya ƙi zuwa Litinin, ina iya cewa waɗanda suka hana mu rini ne, kuma duk ba ƙarya ba ne. Na ce, "Ciwon daga ƙirjinki ya same shi, Iya. Amma ke ba ki sani ba. Takarda ce ta kai shi ɗakinki, kuma ni na rubuta ta, alhali na san bai kamata in rubuta ba."

Ta gyara mayafinta, ta dafa benci ta miƙe.

Ta ce, "To, mu biyu ke nan. Ni na je na durƙusa wa uwarsa na nemi gafara, ta yafe mini. Kai ma ka san hanyar gidan."